Babur ɗin Kawu Ilu a Kwarin Mina

Wata safiyar Alhamis ce cikin watan Safar, shekarar da na bar makaranta, na fara ganin Mina babu mutane. Kafin ranar duk zuwan da nake yi a lokacin aikin Hajji ne, ina ɗauke da jakar wani alhaji a ka, ba na ganin komai sai ƙeyar mutane da farin harami. Amma a wannan safiya na shiga kwarin a kan babur, abokina Bukari yana baya ya damƙe rigata, sai na ga wurin ya buɗe a gabana kamar an ɗage murfi. A wancan zamani da an gama Hajji ake kwance tantuna a tafi da su. Ba abin da ya rage sai manyan tituna baƙi ƙirin, da turakun fitilu a jere, da famfuna a bushe, ga duwatsu dama da hagu sun yi jajir da hasken rana. Na kashe injin. Shirun da ya sauko mana ya sa Bukari, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya kasa cewa komai sai salati. Can nesa wani tsoho yana tsallaka titi da awakinsa a tsanake, a daidai wurin da kwanan baya babu masaka tsinke.

Abin da ya kai mu shi ne duba hanya, domin washegari za a yi tsere. Samarin unguwannin Makka sun saba haɗuwa a can ranar Juma'a da sassafe, kafin rana ta yi zafi, kafin kowa ya koma ya yi wankan masallaci. A jeru a ƙarƙashin gada, a nausa har ƙarshen kwarin ta wajen Muzdalifa, a kewaye wata tsohuwar ganga da aka ajiye a tsakiyar titi, a dawo. Babu kyauta, babu alƙali, babu izinin kowa. Wanda ya zo na farko sunansa ne zai kwana a bakin yara har wata Juma'ar. Ba yabon abin nake ba. Ko hular kwano ba mu da ita, silifas ne a ƙafarmu, kuma wurin ba wurin hayaniya ba ne, Allah Ya yafe mana. Amma a lokacin babu abin da ya cika min ido a duniya kamar wannan jerin babura. Mu yaran gindin dutsen Misfala kallo kawai muke zuwa, a bayan motar duk wanda ya tausaya ya rage mana hanya. Ba a taɓa ganin babur daga lungunmu a cikin layin ba.

Gidanmu yana daidai inda titi ya ƙare, matakala ta fara hawa dutse. Ɗakuna ne na bulo da rufin kwano, da ɗan tsakar gida inda ake shanya da girki da komai. Baba tsire yake yi a bakin hanya, don haka aikina na safe shi ne fere tsinke da daka ƙuliƙuli da hura gawayi, da yamma kuma in ɗauki jarka in je ɗebo ruwan Zamzam. In na samu sarari sai mu hau kan rufi mu kori tattabaru, ko mu buga ƙwallon tsumma a lungun da bai fi faɗin tabarma biyu ba, ko mu haɗa keken katako da boris ɗin mota mu gangaro daga saman unguwa har sai wani dattijo ya bi mu da sanda. Hausa a cikin gida, Larabci a waje, a tsakaninmu kuma abin da ya fara zuwa baki. Babur ma dabbab muke ce masa, fetur kuma banzin. Mutum ɗaya ce ba ta yarda a gauraya mata harshe ba, wato Kaka, mahaifiyar Baba. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, ƙafafunta sun tsage kamar busasshen tabki, kullum tana bakin ƙofar ɗakinta da carbi da randar Zamzam ɗinta. Ni take kira maigida, ni kuma in ce mata amarya. Duk wanda zai fita wani abu mai muhimmanci, jarrabawa ko tafiya ko neman aiki, sai ta tsayar da shi ta ba shi ya sha a ɗan kofin silba, ta shafa masa saura a ka. Takan ce, "Ba a fita gidana da busasshen maƙogwaro."

Babur ɗin kuwa na Kawu Ilu ne, ƙanin mahaifiyata. Ƙaramin babur ne, ja, fentinsa ya koɗe, yana da marikin kaya a baya. Da shi yake raba burodi a shaguna, lokacin Hajji kuma ya yi ta jigilar alhazan da ƙafa ta gaza. A kansa na koyi tuƙi, ina wanke shi ana ba ni zagaye ɗaya. To a wannan makon Kawu ya samu aiki a Madina, ranar Asabar zai ɗora babur a babbar mota ya tafi da shi gaba ɗaya. Na bi shi da magiya har ya gaji. Daren Laraba ya miƙo min makulli ya ce, "Ga shi nan, Alhamis da Juma'a naka ne. Asabar da hantsi ina son abina a kan ƙafafunsa biyu, kai ma haka." Wato Juma'a ɗaya tak nake da ita. In ta wuce, ta wuce ke nan, domin babu mai wani babur a danginmu.

Tun a Mina wahala ta fara. Muna tsaye muna kallon hanya wasu yaran unguwar Jarwal suka iso, cikinsu akwai Sami, Bahaushe ne kamarmu amma babansa mai shago ne, babur ɗinsa baƙi yana ƙyalli. Ya zagaye namu ya leƙa marikin kaya ya ce, "Ya walad, kai yaro, kun kawo mana burodin karin kumallo ne?" Abokansa suka kwashe da dariya. Bukari ya ce masa gobe zai ci burodin da ƙura. Na buga kik da fushi, na murɗa totur don su ji, sai wayar kuloci ta tsinke a hannuna, fat. Haka muka turo shi muka tayar, na dawo gida ina sa giya da ƙarfin tsiya, kowane canji sai babur ya zabura kamar an tsikare shi. A gida muka ciro wayar birkin wani mataccen keke muka zura, muka ƙulle bakinta da noti. Muka ga sarƙa ta saki tana dukan murfi, muka ja tayar baya muka ɗaure. Muka kwance marikin kaya saboda maganar Sami. Kafin azahar ya dawo daidai, na je na sayo mai na zo na cika tanki har baki, na kafe shi a inuwar tsakar gida, muka ci abinci muka kwanta kamar yadda duk Makka take kwanciya a wannan lokaci.

Bayan la'asar na fito da shi don gwaji. Bugu ɗaya ya tashi. Ban kai bakin babban titi ba ya fara tari, ya yi atishawa ta salansa, ya mutu. Na buga kik har ƙafata ta yi tsami. Bukari ya ce fulogi ne. Muka kwance, muka goge, muka mayar, shiru. Muka aro wani a wurin mai gyaran keken ɗinki, shi ma shiru. Bukari ya ce to wuta ce ba ta zuwa, ya riƙe wayar da hannu ya ce in buga. Na buga. Ya yi tsalle ya ƙwala ihu da harsuna biyu, ya ce wuta kam akwai ta har ta yi yawa. Muka buɗe matatar iska muka kakkaɓe. Muka tura shi daga saman gangare, ya yi kamar zai kama, ya yi gurnani sau biyu, ya sake yin shiru. Yaran lungu duk sun taru, kowa da shawararsa, wani ya ce kambun baka ne, wani ya ce a kira Kawu. Shi ne abin da ba zan yi ba, don na san yana gani zai karɓe makullinsa. Har aka kira magariba ba mu gano komai ba. Na mayar da shi tsakar gida, hannuwana baƙi, na kasa cin tuwo. Kaka ta dube ni ta ce, "Maigida, yau ko cefane babu, ko fara'a babu?" Na shige ɗaki na kwanta.

Da aka sallame asuba Bukari ya shigo da sukudireba. Abu ɗaya ya rage wanda muke jin tsoron taɓawa, shi ne kafireta, domin ba mu taɓa ganin cikinta ba. Ya ce in kawo wani abu mu tari man da zai zubo. Na ɗauko kofin gilashi na shan shayi. Ya sassauta ɗan notin da ke ƙasa, mai ya tsiyayo, na ɗaga kofin sama wajen hasken da ya fara fitowa. Har yau ina ganin abin a idona. Fetur yana sama, a ƙasa kuma ga wani abu garau ya kwanta shi kaɗai, yana juyawa kamar ƙwayar ido, ya ƙi haɗuwa da na samansa. Na girgiza kofin, suka watse, suka sake rabuwa a hankali, kowa ya koma wurinsa. Ruwa ne. Ɗan wannan abu ne ya kayar da ƙarfe mai ɗaukar mutum biyu da buhun burodi. Muka yi ta kallonsa baki buɗe.

Da mamaki ya wuce sai fushi ya zo. Bukari ya ce ba kowa ba ne sai mutanen Sami, sun turo yaro ya zuba lokacin da muke barci. Ya ɗauki sifana ya soke a ƙugu, ya ce yau ko ba tsere sai an yi wani abu a Mina. Ni ma na miƙe. Muna ta rantse-rantse sai muka ji muryar Kaka daga bakin ƙofarta.

"Wane ruwa kuke ta yi wa ihu da sassafe?"

Na ce, "Wani ɗan banza ne ya zuba mana ruwa a tanki."

Ta ce, "Kai, gyara bakinka. Ni ce 'yar banzar. Zamzam na ba shi, kofi biyu."

Bukari ya zaro sifanar a hankali ya ajiye a ƙasa. Na ce, "Amarya, babur ai ba ya shan ruwa!"

Ta ce, "To ni na san haka? Na ga kana ɗura masa wani abu ta wannan bakin. Na ce wannan bawan Allah zai ɗauki mijina ya yi gudu da shi, an cika masa ciki da abu mai wari, ba wanda ya tuna ya shayar da shi."

Sai ta ba mu labarin da ban taɓa ji ba. Ashe da ƙafa ta zo ƙasar nan tun daga ƙasar Hausa tana ƙaramar mace, ita da kakanmu da jaki guda, shekaru suna tafe suna tsayawa suna noma a gonakin mutane su samu guzuri su ƙara gaba. Ta ce a cikin sahara in an isa rijiya, dokar ayari ita ce dabba ta fara sha kafin mutum, domin ita za ta kai ka rijiya ta gaba. Jakin nan ya kawo su har bakin teku, a nan suka rabu da shi, ta ce ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da ta bar garinsu. "Abin da zai ɗauke ka," in ji ta, "shi ake fara ba wa." Na tsaya ina kallon tsagaggun ƙafafun nan da nake gani kullum ban taɓa tambayar inda suka taka ba. Ni ina ta zumuɗin tsallake kwari ɗaya, ga wadda ta tsallake rabin duniya zaune a bakin ƙofa tana jan carbi.

Amma rana tana ɗagawa. Bukari ya ce mu cire tiyo mu zubar da man duka a kwata mu nemi wani. Nan Kaka ta miƙe tsaye, abin da ba ta cika yi da sauri ba. Ta ce ba a gidanta za a zubar da Zamzam a kwata ba, ko da ya gauraya da mene ne. Na ce lokaci zai ƙure. Ta ce ya ƙure. Ga shi gidan man da ke kusa ba ya buɗewa da safiyar Juma'a. Dole muka bi nata. Ta kawo babban farin kwanonta na tangaran, muka kwance tanki muka juye a ciki, muka girgiza shi har ɗigon ƙarshe. Muka tsuguna mu uku muna jira. A farin gindin kwanon muka ga ruwan yana taruwa, ɗigo yana neman ɗigo, har ya zama ɗan tabki guda. Sai muka karkata kwanon a hankali, Bukari yana riƙe da mazurari da wani tsohon ɗankwalinta a kai, ina tsiyaye na sama, Kaka tana cewa, "Sannu, sannu, ka kusa taɓa nawa." Da muka zo kusa da ruwan muka tsaya. Ta ɗauki kwanon da hannu biyu, ta fita ta haura matakala kaɗan, ta zuba a wata tsaga mai tsabta a jikin dutse inda ƙafa ba ta takawa. Da ta bar mu mun zubar, da ba mu da man zuwa ko'ina. Muka busa kafireta da baki, muka mayar da komai. Bugu na uku ya tashi. Kafin in fita ta tsayar da ni da kofin silba, ta ce, "Kai dai kana sha, ko kai ma injin ne?"

Muna shiga Mina muka hango su sun riga sun jeru a ƙarƙashin gada. Bukari ya diro tun ban tsaya ba. Na kutsa gefen layi, Sami ya waiwayo ya ce ina burodin. Mai ba da alama ya ɗaga gyalensa ya sake. Ƙarar da ta tashi a ƙarƙashin gadar nan ta shiga har cikin haƙorana. Kowa ya fita kamar an harba shi, ni kuwa nawa ya yi tari ɗaya ya mutu. Ashe akwai sauran ɗigo. Bukari ya rugo ya dafa baya yana turawa yana ihu, "Yalla, maza sa giya ta biyu, sake kuloci!" Na saka, na sake, babur ya yi kakari, ya tofar da wani farin hayaƙi, ya kama.

Lokacin sauran sun zama ƙananan ɗigo a gaba. Saboda haka kusan ni kaɗai na yi wannan tafiya, kuma ban taɓa yin baƙin cikin hakan ba. Na kwanta a kan tanki na murɗa totur har ƙarshe. Iska ta cika min riga, hawaye suna gudu zuwa kunnuwana, turakun fitilu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar ɗan injin nan tana dukan dutsen dama ta dawo, ta doki na hagu ta dawo, har na ji kamar babura da yawa ne suke rakiyata. Titin da na saba ratsawa taku-taku da kaya a ka, rabin yini ban kai ƙarshensa ba, ga shi yana naɗewa a ƙarƙashina kamar tabarma. Rana ta leƙo ta kan dutse ta cika kwarin gaba ɗaya. Ban san lokacin da na fara kabbara da ƙarfi ba. Na ji ni ɗan mitsitsi a wuri mai girma, kuma ban ji tsoro ba.

Kafin ganga na wuce wani da sarƙarsa ta zube, yana tsaye yana dukan sirdi. Na gamu da na gaba suna dawowa, Sami a cikinsu, ya ɗaga min hannu, ban sani ba ko ba'a ce ko gaisuwa. Na kewaye ganga ƙafata tana jan ƙasa, silifas ɗaya ya tafi, ban waiwaya ba. A dawowa na cimma wani da injinsa ya yi zafi yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa, na wuce shi. Wayar keken nan ta riƙe, sarƙa ta riƙe. Na iso gada a cikin na baya-baya, amma a kan babur na iso, ba tura shi na yi ba. Yaran lungunmu da suka zo kallo suka rufe ni kamar ni na ci. Bukari yana ta gaya wa mutanen Jarwal cewa namu babur ɗin da albarka yake tafiya, su nasu banzin ne kawai.

Da na koma gida na tarar da Kaka a inda na bar ta. Na fara yi mata bayanin waye na farko, waye na biyu, ta katse ni. Ta ce, "Ya kai ka?" Na ce ya kai ni. "Ya dawo da kai?" Na ce ga ni. Ta ce, "To me ya rage? Je ka yi wanka, kana warin tsiya." Ranar Asabar muka mayar da marikin kaya, Kawu ya zagaye abinsa ya ga wayar keke ya girgiza kai, aka ɗora a mota. Ban sake shiga wani tsere ba.

Yanzu tantunan Mina ba a kwance su, suna nan farare shekara da shekara, ga shinge ga jirgin ƙasa yana bi ta sama, babu inda yaro zai tsaya ya ga kwarin tsirara kamar yadda na gan shi. Lungunmu ma dogayen gine-gine sun haɗiye shi. Jikana yana da babur wanda in ya lalace sai an jona masa na'ura ta faɗi ciwonsa, kuma ba na barinsa ya fita ba hula. Kaka ta rasu ba da daɗewa ba bayan wannan shekara. Na yi niyyar wata rana in zauna ta ƙarasa min labarin hanyarta, garuruwan da ta bi da mutanen da ta binne a can, amma kullum ina sauri zan fita. Gudu na iya tun ina yaro, zama ne na koya a makare.